Mene ne ya sa kundin Hysteria na Def Leppard ya yi kasuwa haka?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya kamar haka: "Na ji cewa a shekarun 1980 an yi wani salon kiɗan Turawa da ake kira glam metal, kuma wai kundin Hysteria na ƙungiyar Def Leppard ya sayar da miliyoyin kwafi. Shin gaskiya ne ya fi kowane kundi na wannan salo kasuwa, kuma mene ne ya jawo masa wannan ciniki?"

Malam mai tambaya, abin da ka ji yana da tushe, sai dai akwai ɗan gyara a cikinsa. Hysteria, wanda ya fito ranar 3 ga Agusta 1987, yana cikin kundi biyu da ake ambata duk lokacin da aka zo maganar cinikin wannan salo, ɗayan kuwa shi ne Slippery When Wet na ƙungiyar Bon Jovi, wanda ya riga shi fitowa da shekara guda. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, wato RIAA, ta tabbatar wa Hysteria kwafi miliyan 12 a Amurka kaɗai a shekarar 1998, kundin Bon Jovi kuma ya kai wannan adadi tun 1995. A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta cewa kowannensu ya haura kwafi miliyan 20. Saboda haka wanda ya ce Hysteria ne na ɗaya ba tare da jayayya ba ya yi gaggawa, amma wanda ya ce shi ne kundin da labarin cinikinsa ya fi bayyana yadda wannan kasuwa take aiki, to ina tare da shi.

Yana da kyau a san yadda ake samun waɗannan alkaluma kafin a dogara da su. RIAA tana ba da shaidar zinariya ga kundin da ya kai kwafi 500,000, shaidar filatinam ga wanda ya kai miliyan 1, sannan daga 1999 ta ƙara shaidar lu'ulu'u ga wanda ya kai miliyan 10. Abin da take ƙirgawa a wancan zamani shi ne kwafin da kamfani ya tura wa dillalai da kantuna, kuma sai kamfanin ya nema sannan ake bincika littattafansa a ba shi shaidar. Jadawalin mujallar Billboard kuma, wanda yake jera kundin da suka fi ciniki a Amurka kowane mako, kafin watan Mayu na 1991 da aka fara ƙirga ciniki da na'ura a bakin kanta, ya dogara ne da rahoton da masu kantuna suke bayarwa. Adadin Amurka ke nan yana da takarda a bayansa, amma adadin duniya yawancinsa ƙiyasin kamfani ne, shi ya sa za ka ga wani ya rubuta miliyan 20, wani kuma ya rubuta miliyan 25.

Shi salon da kake tambaya a kai haɗi ne na ƙarar jita mai amfani da lantarki irin ta kiɗan metal, da amshi mai sauƙin kamawa irin na waƙoƙin rediyo, tare da ado na dogon gashi da matsattsun tufafi masu ƙyalli. Cibiyarsa ita ce birnin Los Angeles, inda ƙungiyoyi irin su Mötley Crüe da Ratt da Poison suka yi suna. Def Leppard ba 'yan can ba ne. Samari ne daga Sheffield, birnin masana'antun ƙarfe da ke arewacin Ingila, waɗanda suka haɗu a ƙarshen shekarun 1970, kuma mawaƙinsu Joe Elliott ya sha nuna cewa ba ya son a jingina su da ƙungiyoyin Los Angeles, domin shi a ganinsa magabatansu su ne mawaƙan Birtaniya na farkon shekarun 1970 irin su T. Rex da Slade da Queen da David Bowie. Masu sayar da faifai da gidajen rediyon Amurka ba su kula da wannan bambanci ba, suka jera su a layi ɗaya, kuma masu sayen wannan layi ne suka sayi Hysteria.

Kundin bai faɗo a kan fako ba, an riga an share masa fage. A watan Nuwamba na 1983 kundin Metal Health na Quiet Riot ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, abin da kundin metal bai taɓa yi ba kafin nan. A wannan shekarar ce kuma Def Leppard da kansu suka fitar da Pyromania, wanda ya sayar da kimanin kwafi miliyan 6 a Amurka a lokacin, ya kuma tsaya a matsayi na 2, domin Thriller na Michael Jackson ya tare gaba. Tashar talabijin ta MTV, wadda ta fara aiki a 1981, tana neman mawaƙan da suke da kyan gani a bidiyo, su kuwa waɗannan samari masu gashi sun dace da buƙatarta. Sai Bon Jovi suka zo a 1986 suka yi mako 8 a saman jadawalin, waƙoƙinsu biyu kuma suka zo na ɗaya, wanda hakan ya gamsar da masu tsara shirye-shiryen rediyo cewa kiɗa mai ƙarar jita ba ya korar masu sauraro.

Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Ƙungiyoyi da yawa sun sami wannan fage a share, kuma kaɗan ne suka wuce miliyan 3 ko 4. Abin da ya bambanta Hysteria shi ne mutumin da ya shirya shi, furodusa Robert John Lange, wanda aka fi sani da Mutt Lange. Shi ne ya shirya wa AC/DC kundin Back in Black a 1980, shi ne kuma ya shirya Pyromania. Manufar da ya gindaya wa ƙungiyar ita ce su yi wa kiɗan rock abin da Thriller ya yi wa kiɗan pop, wato kundin da kowace waƙa a cikinsa za ta iya tsayawa ita kaɗai a rediyo. A al'adar ƙungiyoyin metal, kundi yakan ƙunshi waƙa biyu ko uku da aka nufi rediyo da su, sauran kuma na masoya ne na gida. Lange ya ƙi wannan tsari tun daga tushe, kuma duk wani abin da ya biyo baya, daga tsadar aikin har zuwa yawan cinikin, daga wannan shawara ya samo asali.

Aikin ya ci kusan shekara uku da rabi, kuma jinkirin bai rasa dalilai ba. Ƙungiyar ta koma birnin Dublin a 1984, saboda kauce wa harajin Birtaniya, suka fara rubuta waƙoƙi tare da Lange, amma sai ya janye saboda gajiyar da ya kwaso a aikin wani kundi na ƙungiyar The Cars. Aka ɗauko Jim Steinman, marubucin waƙoƙin mawaƙi Meat Loaf, aka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Wisseloord da ke Hilversum a ƙasar Holan. Steinman yana son a ɗauki kiɗa da zafinsa ko da akwai 'yan kurakurai, su kuwa sun saba da furodusan da ba ya barin kuskure ko ɗaya, don haka tafiyar ba ta yi nisa ba aka sallame shi, aka biya shi kuɗinsa, aka ajiye abin da aka ɗauka. Ana cikin haka, ranar 31 ga Disamba 1984, makaɗin gangarsu Rick Allen ya yi hatsarin mota kusa da Sheffield, ya rasa hannunsa na hagu yana da shekara 21. Abokan aikinsa ba su nemi wani a madadinsa ba. Kamfanin Simmons ya taimaka wajen ƙera masa gangunan lantarki da yake bugawa da ƙafar hagu a maimakon hannun da ya rasa, ya koyi kiɗa sabo, har ya hau dandamali a bikin Monsters of Rock da aka yi a Donington a watan Agusta na 1986. Shi ne ma ya ba da shawarar sunan kundin. Lange ya dawo a 1985, kuma da dawowarsa aka sake kusan komai daga farko.

Yadda aka ɗauki sautin yana da alaƙa kai tsaye da cinikin, don haka ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ba a tara makaɗa biyar a ɗaki ɗaya aka ce su buga ba. Kowane sashe an gina shi ne daban, ɗaya bisa ɗaya. Makaɗan jitar biyu, Steve Clark da Phil Collen, sun yi amfani da wata ƙaramar na'ura mai suna Rockman a maimakon manyan amsakuwwa da 'yan metal suka saba da su, abin da ya ba jitar sauti mai tsabta wanda ba ya cushe kunne, ya kuma bar wa murya wuri. Sautin ganguna an ɗauke shi ne aka zuba a kwamfutar kiɗa ta Fairlight, aka jera bugun daidai wa daida. Amshin kuwa, muryoyin 'yan ƙungiyar da ta Lange aka yi ta ɗorawa sau da yawa, har mutum ya ji kamar taron jama'a ne ke rerawa da baki ɗaya. Sakamakon shi ne kiɗan da yake da girma a kunne amma ba shi da kaushi, wanda gidan rediyon da ke sa Whitney Houston zai iya sa shi a bayanta ba tare da mai sauraro ya murɗa tasha ba. Masu sukar kundin, musamman tsofaffin masoyan ƙungiyar, sun ce an goge shi har ya rasa ɗanɗanon metal. Ban ga laifinsu ba, domin gaskiya suka faɗa, sai dai wannan gogewar ita ce ta kai shi gidajen da ba a taɓa sayen faifan metal ba.

Duk wannan ya ci kuɗi, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskuren ɗaukar yawan ciniki a matsayin yawan riba. A tsarin kwantiragin faifai, kamfani ne yake biyan kuɗin ɗakin ɗaukar sauti da na furodusa, amma bashi ne a kan mawaƙa, wanda ake cirewa daga ɗan kason da suke samu a kan kowane kwafi. Lamarin ya yi kama da na manomin da ya karɓi taki da iri bashi a hannun dillali, wanda ba zai ga ko buhu ɗaya ba sai dillalin ya cire nasa. Kamfanin yana samun nasa kason tun daga kwafi na farko, su kuwa mawaƙa sai bashin ya biya. An ƙiyasta kuɗin da aka kashe a kan Hysteria da kusan dala miliyan 5, wanda ya sa shi cikin kundin da suka fi tsada a zamaninsa, kuma 'yan ƙungiyar sun sha faɗa cewa sai sun sayar da kimanin kwafi miliyan 5 kafin su mayar da uwar kuɗi. Adadin da zai zama gagarumar nasara ga kowace ƙungiya, a wurinsu asara ce.

Da kundin ya fito, gida Birtaniya ne ya fara karɓarsa, abin da ya ba su mamaki, domin a baya Pyromania a matsayi na 18 ya tsaya a can, ana kuma yi musu kallon waɗanda suka sayar da kansu ga Amurkawa. Waƙar Animal ta kai matsayi na 6, kundin kuma ya hau na ɗaya. A Amurka, inda kuɗin yake, al'amarin ya zo da sanyi. An fara da waƙar Women, mai nauyi, da niyyar tabbatar wa tsofaffin masoya cewa ƙungiyar ba ta yi laushi ba, sai ta tsaya a matsayi na 80. Animal ta kai na 19, waƙar da ke ɗauke da sunan kundin kuma ta kai na 10 a farkon 1988. Zuwa bazarar wannan shekara cinikin ya tsaya a wajen kwafi miliyan 3, kuma alamu sun nuna cewa kasuwar ta fara watsewa alhali bashi bai biya ba.

Waƙar da ta juya lamarin ita ce Pour Some Sugar on Me, wadda ita ce ta ƙarshe da aka rubuta, a lokacin da kowa ya ɗauka an gama aiki. Elliott yana ɗan kaɗa jita a lokacin hutu, Lange ya ji amshin, ya ce ba za a rufe kundin babu ita ba, aka kuma kammala ta cikin kimanin mako biyu, alhali wasu waƙoƙin sun ci watanni. Salon rera baitocinta ya ɗebo wani abu daga kiɗan rap, wanda haɗin gwiwar Run-DMC da Aerosmith ya shigar da shi kunnen masu sauraron rock a 1986. A Birtaniya matsayi na 18 kawai ta kai. A Amurka kuwa, kamar yadda 'yan ƙungiyar suke bayar da labari, masu rawa a gidajen shaƙatawa na dare a jihar Florida ne suka fara ɗaukarta, daga nan masu sauraro suka riƙa bugo waya gidajen rediyo suna neman a sa ta. Aka yi mata sabon bidiyo daga wasan da suka yi a Denver a watan Fabrairu na 1988, MTV kuma ta yi ta nuna shi saboda masu kallo suna zaɓarsa ta waya mako bayan mako. Waƙar ta kai matsayi na 2, kuma ranar 23 ga Yuli 1988 kundin ya hau matsayi na ɗaya a Amurka, kusan shekara guda cur bayan fitowarsa. Ya yi mako 6 a wannan matsayi, ba a jere ba, yana hawa yana sauka tsakaninsa da Guns N' Roses da Steve Winwood da Tracy Chapman.

A nan ne shawarar Lange ta biya. Da kundin irin na al'ada ne, da a lokacin da jama'a suka waiwayo an riga an ƙarar da waƙoƙin rediyo. Shi kuwa yana da sauran kaya a rumbu. Love Bites, waƙar soyayya mai tafiyar hawainiya wadda Lange ya kawo da tsarin da ya fi kusa da kiɗan country kafin ƙungiyar ta mayar da ita irin nata, ta zo ta ɗaya a watan Oktoba na 1988, kuma ita ce kaɗai waƙarsu da ta taɓa kai wannan matsayi a Amurka. Armageddon It ta kai na 3 a farkon 1989, Rocket kuma ta shiga cikin 15 na farko. Waƙoƙi 7 ke nan daga cikin 12 da kundin ya ƙunsa, daidai da adadin da aka fitar daga Thriller, kuma an jera su ne a tsawon sama da shekara ɗaya da rabi, kowace tana tallata kundin a sabon salo ga wani sabon rukunin mutane. Waƙoƙin soyayya musamman sun jawo mata, waɗanda kasuwar metal ta daɗe tana mantawa da su, kuma a ganina babu kundin wannan salo da ya haura miliyan 10 da kuɗin samari kaɗai.

Abubuwa biyu sun ƙara wa wutar iska. Na farko shi ne rangadin wasanni, wanda ya haura 200 tsakanin 1987 da 1988. A manyan zaurukan Amurka manajojinsu, Peter Mensch da Cliff Burnstein, sun sa an kafa dandamali a tsakiyar zaure maimakon a ƙarshensa, ta yadda za a sayar da kujerun da ke kowane gefe, ciki har da waɗanda a da suke zama a bayan dandamali babu kowa. Na biyu shi ne sauyin da ake samu a nau'in faifai. Kaset ne ke kan gaba a ciniki a lokacin, faifan CD kuma ya wuce faifan garmaho a Amurka a 1988. Hysteria yana da tsawon sama da minti 62, wanda da ƙyar faifan garmaho guda ya ɗauke shi, amma ya dace da CD, kuma sautinsa mai tsabta ya sa ya zama irin faifan da mutum yake saya don gwada sabuwar na'urarsa. Daga baya waɗanda suka mallake shi a kaset suka sake sayensa a CD, abin da ya taimaka wajen ɗaga adadin har zuwa miliyan 12 a 1998.

Idan aka auna shi da kundin Bon Jovi ta fuskar riba, ma'aunin ya fi karkata ga Bon Jovi. An ɗauki Slippery When Wet ne cikin 'yan watanni a birnin Vancouver na Kanada ƙarƙashin furodusa Bruce Fairbairn, da taimakon marubucin waƙoƙi Desmond Child, a kan kuɗin da bai kai ko kusa da na Hysteria ba, kuma ya hau saman jadawali kimanin wata biyu da fitowarsa. Wato a wancan zamani sun isa wuri ɗaya ne, amma ɗaya ya bi gajeriyar hanya mai araha, ɗayan ya bi doguwa mai tsada wadda da waƙa guda ba ta kama a Florida ba, da wataƙila a yau ana ba da labarinsa a matsayin misalin almubazzaranci. Akwai kuma Appetite for Destruction na Guns N' Roses, wanda ya fito a watan Yuli na 1987, ya kuma kai kwafi miliyan 18 a Amurka, sama da na Hysteria. Masu lissafi da yawa ba sa sa shi a wannan salo saboda kaushin kiɗansa, ko da yake daga titunan Los Angeles ɗin nan ya fito. Duk wanda ya sa shi a ciki, to a lissafin Amurka shi ne a gaban Hysteria.

Kundin da ya biyo baya, Adrenalize, ya fito a 1992 bayan rasuwar Steve Clark a watan Janairu na 1991, ba kuma Lange ne ya zauna a kan aikinsa kamar da ba. Ya hau matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya, amma cinikinsa bai kai rabin na Hysteria ba, domin tun a watan Janairu na 1992 kundin Nevermind na Nirvana ya hau saman jadawali, rediyo da MTV kuma suka juya ga ƙungiyoyin Seattle. Lange ya ɗauki dabararsa zuwa kiɗan country, inda kundin Come On Over da ya shirya wa Shania Twain a 1997 ya kai kwafi miliyan 20 a Amurka, da irin wannan tsari na jera waƙoƙin rediyo ɗaya bayan ɗaya. Su kuwa Def Leppard sun ci gaba da cin gajiyar Hysteria ta hanyar wasanni, har suka yi jerin darare a Las Vegas a 2013 suna kaɗa shi daga farko har ƙarshe. Tsofaffin waƙoƙinsu ba su shiga manhajojin sauraro ta intanet ba sai a watan Janairu na 2018, bayan doguwar taƙaddama da kamfaninsu a kan rabon kuɗi, kuma tun 2016 RIAA take lissafa sauraro 1,500 ta intanet a matsayin kwafi ɗaya na kundi, don haka duk wata sabuwar shaida da za a ba Hysteria nan gaba za ta haɗa faifan da aka saya da waƙar da aka saurara a waya.